Finjalin da Kawu Ya Ajiye

Akwai abin da ya faru da ni a Riyad wanda ko tsufa ya cinye min hankali har na manta sunayen 'ya'yana, ba na jin zai fita daga raina. Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma duk ranar da ya faɗo min sai abinci ya fita kaina. 'Yan uwana ba su san labarin ba, matata ma guntu-guntu ta sani. Yau dai na ce bari in rubuta shi, ko na samu sauƙi.

Dole in fara da garinmu, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane girman abin da na ɓata ba. Ƙauye ne a gindin wasu 'yan duwatsu, can arewa maso gabashin Najeriya. An ce kakannin kakanninmu maharba ne da suka biyo rafi suka yada zango, suka ga ƙasar tana son dawa, shi ke nan suka ajiye kwari da baka suka ɗauki fartanya. Tun ina ƙarami nake jin cewa in ana haƙa rijiya a garinmu, da an yi gaba biyar ko shida sai a ci karo da wani baƙin dutse mai ɓarewa fala-fala. Mata sun taɓa gwada shi a murhu, ya ci wuta kuwa, amma warinsa ya hana tuwon ciwuwa, sai aka watsar. Masu haƙar rijiya kam tsine masa suke yi don yana ɓata ruwa. Iyakar abin da muka sani game da kwal ke nan, dutsen banza mai ɓata rijiya.

Ina aji uku na firamare wasu mutane suka zo da mota da wani ƙarfe mai ƙafa uku, suna leƙe-leƙe suna kafa turaku masu jan fenti a gonakin mutane. Bayan damina biyu sai ga katafila. Aka tara dattawa a ƙofar gidan mai gari, aka zuba musu magana mai zaƙi: asibiti, famfo, makaranta, aiki ga kowane saurayi. Aka ce garin kacokan a kan arziki yake zaune, don haka sai mun ɗan matsa. Wannan ɗan matsawar ita ce aka kwashe mu aka jibge a wani faƙo, cikin gidajen bulo a jere reras, rufin kwano, ɗaki bibbiyu, babu zaure, babu rumbu, babu ko bishiya ɗaya da akuya za ta fake. Tsofaffi suka riƙa mutuwa a shekarar farko ba tare da wani ciwon kirki ba. Asibitin an gina shi, ban yi musu ƙarya ba, amma jemagu ne suka fi kowa morar sa. Inda gidanmu yake kuwa yanzu rami ne, in ka tsaya a bakinsa tifa sai ka gan ta kamar ƙwaro.

Abu ɗaya tak dattawanmu suka kafe a kai, maƙabarta. Suka ce a ɗauki gona, a ɗauki gida, amma ba za a taɓa iyayensu ba. Mutanen kamfani suka ce sun ji, aka yi musabaha, ba a rubuta komai ba. Maƙabartar tana yamma da tsohon gari, tsakanin wata babbar tsamiya da rafi. Mahaifiyata tana ciki. Shekara guda kafin tashinmu ta rasu, kuma da yake yaro ne ni ba a bar ni na bi gawa ba, ban taɓa sanin takamaiman inda aka sa ta ba. Mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. A haƙa uwar kabari, a haƙa 'yar cikinta, a kwantar da mamaci, a rufe da fasassun tukwane da itace, a mayar da ƙasa. Damina uku ta ishi tudun ya baje. Daga nan sai Allah ne ya san inda kowa yake, sai kuma mutum ɗaya a garinmu.

Mutumin nan ɗan baffan mahaifiyata ne, Kawu nake ce masa. Haƙar kabari gadon gidansu ce, daga kakansa zuwa ubansa zuwa shi. Yana da wata sandar ƙarfe siririya. In ya soka ta a ƙasa, daga yadda ta shiga da ƙarar da ta yi yake sanin ko akwai mutum a wurin ko babu. Kuma ya san wane ne, har da shekarar da aka kawo shi, ya ce maka wannan shekarar fari ce, wancan shekarar da rafi ya ci gada. Da gonarsa ta tafi sai ya shiga lebura a wurin haƙar kwal, ya yi shekaru yana shaƙar baƙar ƙura har ƙirjinsa ya fara kuka. Da aka sallame shi ne wani dillali ya samo masa aiki a Saudiyya. Lokacin da na samu gurbin karatun addini na zo Riyad, Kawu ya kusa shekara goma a wani gida a unguwar Nasim, yana ban-ruwan lambu, yana kula da tumaki da tattabarun mai gidan.

Duk Juma'a bayan an sauko muna haɗuwa a unguwar Ulaisha, a wani ɗaki na mutanen Maraɗi da Damagaram, direbobi da masu gadi da 'yan share-share. A tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa miyar kuka, a ci a yi ta hira har la'asar. Kawu ba shi da hira sai ta tsohon garinmu. Zai faro daga gidan mai gari, ya bi gida-gida yana faɗin masu su, ya ratsa ta bakin rijiya, ya kewaya ta maƙera, har ya fita bayan gari. Mutanen Nijar da ba su taɓa taka wurin ba sun haddace shi, in ya tsallake gida ɗaya sai su tuna masa. Ni kuwa, Allah ya yafe min, gundura ta yake yi. Ina shekara ta uku a jami'a, jallabiyata fara tas, kaina ya kumbura da nahawu. In Kawu ya yi Larabcinsa na kasuwa, wanda babu namiji babu mace a ciki, sai in ji kamar ana cakar min kunne da tsinke. Shi kuma ya laƙaba min Shehi, kuma yadda yake jan sunan ka san tsiya ce.

Ana haka sai yayata ta turo min saƙon murya. Ta ce ramin ya juyo yamma. Kamfani ya aiko wa mai gari cewa a cikin mako uku a nuna musu iyakar maƙabarta su kewaye ta da waya, in ba haka ba su dai aikinsu ba zai tsaya ba. Dattawa sun fita nunawa, suka kusa yin dambe a fili. Tsamiyar an daɗe da sare ta, rafin an karkatar da shi, ga tsibin ƙasa ko'ina ya canza kamannin wurin. Wannan ya ce nan ne, wancan ya rantse can ne, tsakaninsu tafiyar minti goma. Mutumin kamfani ya ce ba zai bar fili gaba ɗaya saboda wataƙila ba. A ƙarshen saƙon ta ce, "Ka gaya wa Kawu, Inna tana ciki fa."

Mun gwada ta waya. Wani ya zagaya filin yana haska mana, Kawu ya kafa ido a wayata yana cewa a juya, a koma baya, a nuna masa duwatsu. Can ya miƙo min ita ya ce ba zai yi wa matattu kame-kame ba, wurin nan sai ya taka shi da ƙafarsa. Tikitin jirgi ba shi ne damuwa ba, 'yan ɗakin Ulaisha sun ce sun ɗauke masa. Damuwar ita ce izinin fita, wanda sai kafil ya buga, wato wanda takardar zaman Kawu a ƙasar take ƙarƙashin sunansa. Kafil ɗin shi ne babban ɗan mai gidan. Kawu ya roƙe shi, ya ce sam, akwai bikin ƙanensa nan da wata guda, lambu da dabbobi ba za su zauna babu mai kula ba, ya bari sai bayan biki.

Ran Talata Kawu ya kira ni ya ce in shirya, jibi Alhamis bayan la'asar za mu shiga majalisin tsohon da kansa, uban kafil ɗin, lokacin da baƙinsa suke cika. Ya ce Larabcinsa ya ishe shi sayen dusa, amma bai isa ya yi bayanin maƙabarta da kwal ba, shi ya sa yake son bakina.

"Amma ka ji ni da kyau, Shehi," in ji shi. "Abin da na faɗa shi za ka faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage. Duk abin da ka ga na yi kuma, ka yi shiru."

Na ce to. Ban tambaye shi me zai yi ba, don ban ɗauka akwai abin da zai iya yi wanda ya wuce roƙo ba. Na kwana biyu ina haɗa hujjoji a kan alfarmar mamaci da haƙƙin ma'aikaci, har da tsayawa gaban madubi ina gwada murya. A raina ni ne zan ceci maƙabartar garinmu, Kawu rakiya kawai zai yi min.

Ranar na tarar da shi ya sa wata tsohuwar babbar riga mai ƙamshin akwati, da hula zanna da ta sha jiki. Na dube shi na ji kunya ta kama ni tun daga bakin ƙofa. Majalisin dogon ɗaki ne shimfiɗe da dardumomi, matasai sun kewaye bango, turaren wuta yana tashi. Mutum kamar goma sha biyu, yawancinsu dattawa. Tsohon yana can ƙurya da carbi a hannu, siriri, gemunsa ja da lalle. Ya yi mamakin ganin mai lambunsa da shigar salla, amma ya yi mana maraba da fara'a, ya nuna mana wurin zama ba nesa da shi ba. Ɗan nasa, kafil ɗin, shi ke tsaye da butar gahawa yana zuba wa baƙin ubansa, domin haka al'adarsu take komai girman ɗa.

Ya zuba min, na karɓa na kurɓe. Ya zuba wa Kawu. Kawu ya karɓa da hannun dama, ya dubi finjalin, ɗan ƙaramin kofin nan na gahawa, sannan a hankali ya ajiye shi a kan darduma a gabansa. Ya harɗe hannuwa a cinya, ya ɗaga kai ya dubi tsohon.

Wanda ke magana a kan farashin raƙuma ya tsaya a tsakiyar zance. Na ga fuskar kafil ta canza, ya tsaya da buta a hannu kamar an dasa shi. Tsohon ya daina jan carbi, ya tashi daga kishingiɗa ya zauna sosai, idonsa a kan Kawu. Ni kuwa abin da na karanta a fuskokin nan shi ne an yi musu rashin kunya: mai ban-ruwa ya shigo majalisi, an ba shi gahawa ya ƙi sha. Na mintsini Kawu a cinya, na raɗa masa da Hausa cewa ya sha mana, yana kunyata mu. Ko kallona bai yi ba.

Tsohon ya buɗe baki zai yi magana. Wallahi na ga leɓensa ya motsa. Da na ƙara haƙurin numfashi ɗaya, da yau ba na wannan rubutu. Amma ina! Sai na riga shi. Na zuba Larabci na littafi, mai wasali cif-cif. Na ce a gafarce mu, kawuna mutumin karkara ne, bai san ladabin majalisi ba, kuma yana da gyambon ciki, gahawa tana tayar masa, ba raini ne ya sa ya ajiye ba. Ƙarya tsagwaronta, nan take na ƙirƙire ta. Don in nuna ba mu ƙi karamcinsu ba, na miƙa hannu na ɗauki finjalin Kawu na shanye.

Kafil ya saki wata ajiyar zuciya, ya yi dariya, ya ce Allah ya ba shi lafiya, a kawo masa shayi marar ƙarfi. Baƙi suka dubi juna. Tsohon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Kawu, sannan ya tambaye shi kai tsaye, ba ta bakina ba:

"Gaskiya ne abin da yaron nan ya faɗa?"

Kawu ya ji abin da na ce sarai, kalmar ciwo da ta ciki ba su fi ƙarfin Larabcinsa ba. Ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne."

Tsohon ya koma ya kishingiɗa, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuma da na ga ƙura ta lafa sai na gyara murya na shiga jawabin da na haddace, ban ma jira Kawu ya ce uffan ba. Na fi minti goma ina zuba, ina kawo hujja a kan hujja, ina yi wa dattawan da suka haifi ubana wa'azi a cikin ɗakinsu. Da na gama tsohon ya ce Allah ya ƙara ilimi, amma sha'anin ma'aikata yana hannun ɗansa. Ɗan ya ce bayan biki, in Allah ya so. Aka kawo dabino.

A bakin titi, muna jiran motar da zan hau, har faɗa na yi wa Kawu. Na ce da ba don na yi saurin gyarawa ba da korar kare za a yi mana, mutum ya shekara goma a ƙasa bai san ba a ƙin gahawar Balarabe ba. Yana tari yana saurarona har na gaji. Da mota ta tsaya sai ya ce, "Ka sha naka ka sha nawa, Shehi. Allah ya sa ta yi maka amfani." Ya juya ya koma ciki.

Washegari Juma'a Kawu bai zo Ulaisha ba. Ni na zo, kuma da bakina na ba da labarin, ina yi ina kwaikwayon yadda ya ajiye finjalin don a yi dariya. Mutum biyu suka dara. Amma wani direba ɗan Maraɗi, wanda ya fi shekara ashirin yana tuƙa dattawan Najadu, wato yankin da Riyad take, ya cire hannunsa daga kwanon tuwo. Ya sa na maimaita, ya tambaye ni ko tsohon ya riga ya yi magana kafin in sa baki. Na ce a'a. Ya tambaya wa ya shanye gahawar. Na ce ni. Sai ya yi salati ya dafe kai.

Shi ya yi min bayani, a gaban kowa. Ya ce a wurin mutanen nan, in baƙo ya karɓi finjali ya ajiye bai sha ba, yana nufin ya zo da buƙata, kuma ba zai sha ba sai an biya masa. Mai gida na asali ba ya barin gahawa ta huce a gaban baƙonsa. Abin da zai ce shi ne, sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu, tun ma kafin ya ji mene ne. In ya faɗi haka a gaban mutane, to ko ɗansa, ko wane ne, ba mai iya tayar da maganar. Ya ce Kawu ya taɓa ba shi labarin ya ga an yi haka sau biyu a gidan nan, ɗaya neman aure, ɗaya neman sulhu, kuma duka biyun tsohon bai bari finjali ya huce ba. Ashe shekara goman nan Kawu yana ta taga yana kallo yana koyo, ya adana wannan dama guda ɗaya bai taɓa taɓa ta ba, ko lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

"Kai da karatunka," in ji direban, "kalma ɗaya ta rage tsohon ya furta, ka shanye ta."

Ban san yadda na fita daga ɗakin ba. Na tari mota har Nasim, na tarar da Kawu a lambu yana jan tiyo. Na ce mu koma, yanzu-yanzu, in faɗi gaskiya, in ce ƙarya na yi. Ya ce tsohon ya tafi gonarsa ta arewa tun da safe, shi da 'yan uwansa, sai ana gobe biki zai dawo. Ya ce ko da yana nan ma, an riga an shaida wa majalisi cewa shi mai gyambon ciki ne, in ya sake ajiye finjali shayi za a kawo masa. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Da ma ya kwaɗa min tiyon nan, da na fi jin daɗi.

Babu abin da ban yi ba a kwanakin da suka rage. Na je wurin kafil sau biyu, na biyun ko fitowa bai yi ba. Na rubuta takarda na ba mai gadi ya kai gona, ban san ko ta isa ba. Na roƙi wani malaminmu ya sa baki, ya ce zai duba. Na kira gida na ce a nemi ƙarin lokaci, aka samu mako guda, shi ma ya ƙare. Da wa'adi ya cika dattawa suka bi ra'ayin wanda ya fi su shekaru, suka nuna wani wuri, kamfani ya kafa turaku ya ja waya. Katafila ta bar wurin, ta shiga gefensa.

Kwana huɗu da fara aikin yayata ta sake turo saƙo. Kuka ya hana ta magana, sai mijinta ne ya karɓi wayar. Ya ce bakin katafila ya fara fito da fasassun tukwane da ruɓaɓɓen itace. Mai tuƙin ɗan garinmu ne, da ya gane abin da yake gani ya kashe injin ya diro yana kururuwa. Amma kafin a lura tifofi sun riga sun yi sawu da yawa, sun kai ƙasar can tsibin da ake zubarwa, an bi ta da wata ƙasar. Abin da aka iya tsincewa aka haɗa a likkafani ɗaya aka binne a sabuwar maƙabarta. Ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai, littafin da zan yi jarrabawa a kansa yana buɗe a gabana, na ji na tsani littafin, na tsani jallabiyar jikina, na tsani muryata. Har yau ban yi baƙin ciki irin na ranar ba.

Bayan biki kafil ya cika alkawari, ya buga wa Kawu izini, har da kyautar bargo da agogo. Kawu ya tafi, bai sake dawowa ba.

Da aka ba mu dogon hutu na je gida. Mutanen gari sun rarrashi kansu da cewa ai gefe kawai katafila ta ci, mafi yawan iyayenmu suna nan cikin waya. Ranar Juma'a har zuwa suke yi su tsaya a jikin turakun su yi addu'a. Na sami Kawu ya rame, tarin ya ƙaru, na roƙe shi ya raka ni. Muka hau babur har wurin. Fili ne ɗan madaidaici, ciyawa ta yi baƙi da ƙura, ƙasa tana rawa duk lokacin da tifa ta wuce. Na tambaye shi ta wane ɓangare Inna take. Ya waiwaya ya tabbatar babu kowa kusa, sannan ya ce ya shiga filin nan da sandarsa ta ƙarfe ya taka shi lungu-lungu tun makon da ya dawo, babu mutum ko ɗaya a ciki, tsohuwar gonar gyaɗa ce. Ya nuna min can tsakiyar ramin, sama da inda wata tifa take lodi, a cikin iska, ya ce ga inda take, kusa da kakata. Ya ce bai gaya wa kowa ba, kuma kada in gaya, a bar su su yi addu'arsu.

Na tambaye shi abin da ya daɗe yana ci na, me ya sa da tsohon ya tambaye shi bai ce ƙarya nake yi ba. Ya ce ta yaya zai buɗe baki a tsakiyar baƙin mutane ya ce wa ɗan 'yar uwarsa, mai karatun addini, maƙaryaci? Ya ce harshensa ne ya ƙi, kuma shi ma yana da nasa laifin a nan, kullum yana tuhumar kansa.

Nan na durƙusa a kan baƙar ƙasar nan na kama ƙafarsa, na ce ya yafe min. Ya bar ni na yi kukana, sannan ya dafa kaina.

"Ni na yafe maka tun a bakin titi," in ji shi. "Sauran ne ban san inda zan kai ka ka roƙe su ba."

Kawu ya rasu da daminar da ta biyo baya. Ni kuma ga ni har yanzu a Riyad, kuma abin da zai ba ku haushi, da tafinta nake ci da iyalina. Abin da na koya ban same shi a aji ba, kuma ya zo min a makare. Ba rashin sanin al'adar Larabawa ne ya kai ni ba, wannan kowa yana iya rashin sani. Raina mutumina na yi. Na ga tsohuwar riga da karyayyen Larabci, na yanke cewa duk abin da ya fito daga wurinsa kuskure ne da ke jiran gyarana. In ka ga babba ya yi abin da ba ka gane ba, ka kama bakinka tukuna, wataƙila ya shekara goma yana shirya shi. Ni ban kama nawa ba, ga shi garinmu guda suna ɗaga hannu a gaban gonar gyaɗa, ni kaɗai na sani.